Felicitas da Kwatar Layinsu

Duk wanda ya je biki ko suna a wancan ɓangaren na Gyaɗi-Gyaɗi a shekarun mulkin soja, aka ƙullo masa cincin a leda, da wuya in ba daga kaskon Felicitas ya fito ba. Matan layin ba su taɓa wahalar da harshensu wajen kiran wannan suna ba. Maman Inkem suke ce mata, saboda babbar 'yarta Nkemdilim. Maza kuwa Madam suke cewa, su wuce. Gajeriyar mace ce mai ƙiba, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma Allah ya zuba mata ƙyanƙyami irin wanda har mijinta yake gajiya da shi. Ƙuda ɗaya in ya sauka a bakin kofi, ruwan ya tashi daga aiki.

Daga wani ƙauye kusa da Owerri aka kawo ta Kano tana amarya. Mijinta Nnaemeka yana sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, kuma kamar yawancin 'yan uwansa, a Sabon Gari ya kama musu ɗaki, a wani dogon gidan haya mai banɗaki ɗaya. Da safe sai an ja layi da bokiti, in ka samu shiga kuwa sai ka san abin da wanda ya riga ka ya ci jiya. A jikin katangarsu akwai gidan giya, kuma mashayan sun mayar da ƙasan tagarta wurin rage mara. Felicitas ta haifi Nkem a wannan ɗaki, ta yi rantsuwa yarinyar ba za ta yi rarrafe a tsakar gidan ba. Ba ta cika rantsuwar ba, yarinya ta yi rarrafe har ta yi gudu. Amma mita ba ta bar bakin uwar ba, safe da yamma, har ranar da Nnaemeka ya gaji ya nemi dillali.

Abokansa sun ce ya haukace. Ibo da iyalinsa, ya bar cikin nasa ya tafi tsakiyar Hausawa? Felicitas kuwa da ta ga layin sai da ta yi ajiyar zuciya. Gidaje ne na ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta, da 'yan ɗakunan da ma'aikatan jinya suke haya. Darbejiya a ƙofar kowane gida, yara suna buga ƙwallo ba mai tsoron mota, da yamma su wuce Islamiyya cikin fararen hijabai. Babu kiɗa, babu mashayi. Ga kasuwar Tarauni kusa, ga motocin hayis a titin Zariya in ranar Lahadi ta zo za a tafi coci. Wuri ne na renon yara, haka ta faɗa wa duk wanda ya tambaya, har da wanda bai tambaya ba.

Nnaemeka ya kafa mata doka ɗaya tun daren farko.

"Mama Nkem, mu baƙi ne a nan. Ki gaida kowa, kada ki yi faɗa da kowa."

Abin da dillali bai faɗa ba, kuma da rani ba a gani, shi ne gidan nasu shi ne na ƙarshe a gangare. Kowace rariya ta kowane gida a kwata ɗaya take zuba, kwatar kuma ta gangaro ta bi ta ƙofar Felicitas, ta shige ƙarƙashin wani ƙaramin kwalbati, sannan ta faɗa babban lambatu. Wato duk abin da layin ya wanke daga jikinsa da tukwanensa sai ya zo ya gaishe ta kafin ya wuce. A lokacin dai wucewar yake yi. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsafta ce, kuma an taɓa sa wani babban mutum a layin tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa saboda an same shi zaune yana jin rediyo. Tun daga nan, in ranar ta zo, za ka ga alhazai sun naɗe ƙafar wando sun fito da shebur, kowa yana satar kallon bakin titi.

Wadda ta fara aiko mata da kwanon abinci ita ce Hajiya Husaina, mai gidan farko a saman layin. A bakin Hajiya Felicitas ta koyi Hausa, har da zagi da yadda ake gaisuwar mutuwa. Hajiya ce ta ɗanɗana cincin ɗinta wata Kirsimeti, ta ce wannan ai ba na ci a ɗaki ba ne, na sana'a ne, ta kuma shiga gida-gida tana yi mata talla. Daga nan kaskon Felicitas bai ƙara hutawa ba. Cincin ɗinta ba ya shan mai, ba ya karya haƙori, kuma matan da suka leƙa kicin ɗinta sukan koma gida su ji haushin nasu. Hajiya takan zo da hantsi ta zauna a kan tabarma, ta sha ruwa, ta ci na bakin kasko da zafinsa, su yi gulmar layin daga sama har ƙasa.

Autar Hajiya, Firdausi, sa'ar Nkem ce, kuma rabin girmanta a gidan Felicitas ta yi shi. A nan take cin abincin rana, a nan ake yi mata wanka in ta yi kaca-kaca, a nan take ɓuya in ta yi laifi. Momi take ce mata. Tun yarinyar ba ta san ma'anar aure ba Hajiya take cewa, "Maman Inkem, ranar auren wannan, cincin ɗin gara ke za ki yi. Ba na son hannun kowa a ciki."

Felicitas ta riƙe wannan magana da gaske. Ta ga yadda ake kai gara gidan ango bayan biki, ta ga yadda matan dangin ango suke buɗe daro-daro suna ɗanɗanawa suna tambayar wa ya yi. Ba a ba wa bare wannan aiki. Wadda aka ba, an sa ta cikin iyayen amarya ke nan. Shekara da shekaru tana gaida kowa, tana zuwa kowane suna da kowace ta'aziyya, amma a ranta ta san har yanzu matar Ibon nan ta ƙarshen layi ce. Garar Firdausi ce za ta raba wannan gardama.

Sai ga shekarar 1999. Soja suka koma bariki, aka yi zaɓe, Felicitas ma ta tsaya a rana ta dangwala. Kowa ya yi murna, kuma babu mai hankalin da zai yi kewar bulala. Abin takaicin shi ne, ashe tsaftar layin nan kaf a jikin bulalar take rataye. Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo, mutanen da suka shekara goma suna yasar kwata suka fito da tabarmi da butar shayi, suka zauna suna fashin baƙin siyasa. Wata ya sake zagayowa, haka. Manyan mutane masu furfura, masu yi wa yara wa'azin tsafta, ashe ba tsaftar suke so ba, tsallen kwaɗo suke gudu.

A wannan daminar aka sa ranar Firdausi. Ta kusa gama karatun jinya, ta samu wani ma'aikacin asibiti suka daidaita. A wannan daminar kuma kwalbatin ya toshe.

Abin da ya taru a ƙofar Felicitas ba ruwa ba ne, dagwalo ne baƙi ƙirin mai kumfa a sama. Ledoji, ƙanzon tuwo, hanjin kaji, tsumman jarirai, da abin da iyaye mata suke juyewa daga fo da sassafe suna tsammanin ba wanda ya gani. In rana ta take sai ya riƙa ɓulɓulo da kansa. Tsutsotsi masu jela suka fara hawa dakalinta. Warin yana shiga labule, yana shiga katifa, yana shiga burodin da aka ajiye a kan tebur. Matar da ƙuda ɗaya yake hana shan ruwa ta koma tana tsallaka katako kafin ta shiga gidanta, da hannu a hanci. Abin da ya fi ci mata rai, ta san kayan kowa. Ta san gidan da aka yanka kaji, ta san gidan da yaro yake gudawa. A saman layin kuwa iska lafiya lau, domin ƙazanta ba ta hawa tudu.

Wata safiya Hajiya Husaina ta zo maganar gara. Ta tsallaka katakon da gefen mayafi a kan hanci, tana tofar da yawu.

"Maman Inkem, wannan wane irin abu ne a ƙofarki? Kin san gwaggonnin Firdausi daga cikin gari za su zo su taya ki yanka cincin. Kin kuwa san bakinsu. In suka shaƙi wannan, sai an shekara ana maganarmu. Ki san yadda za ki yi da shi kafin lokacin."

A daidai inda Hajiya ta tsallaka, gashin kajin da aka fige a gidanta jiya ne yake yawo a saman dagwalon. Felicitas ta gan shi, ta haɗiye abin da ya zo mata baki.

"To Hajiya, za a gyara."

Ta fara bin hanyar da aka saba. Mace ba ta zuwa majalisar maza, don haka ta tura Nnaemeka wurin Malam Ƙasimu, dattijon da layin yake jin maganarsa. Malam Ƙasimu ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka zuba masa shayi, ya ce wallahi abin yana damun kowa, kuma yanzu da aka samu gwamnatin jama'a ai aikin kansila ne. Ya cika alkawari kuwa, ya kai magana. Sabon kansilan, wani Ɗan'azumi da kowa ya sani yana sayar da katako kafin zaɓe, ya zo cikin farar babbar riga da motoci biyu da mai hoto. Aka miƙa masa sabon shebur, ya dangwala bakinsa a cikin dagwalon yana kallon kyamara, aka tafa. Ya ce an kafa kwamiti. Da za su tafi, wani yaronsa ya ɗauraye shebur ɗin da ruwan butar Felicitas ya sa a bayan mota.

Ta kira masu yasar kwata da kuɗinta. Suka kwashe na sama suka jibge shi a gefen hanya, suka ce sai ya tsane za a ɗauke, cikin kwalbati kuwa ba mai shiga. Kwana biyu aka yi ruwa, abin da aka jibge ya koma inda ya fito, har da ƙari.

Biki yana matsowa. Ta riga ta je kasuwar Singa ta sayo fulawa da sukari da bota, suna jingine a ɗaki, ta lulluɓe su da zannuwa don kada wari ya kama su. A nan ne ta tuna garinsu. A can, in hanyar rafi ta yi ciyawa ko filin kasuwa ya ƙazantu, maza suna ta jan ƙafa, mace ɗaya ce take ɗaura zani ta fito da fartanya. Kafin ta yi nisa sauran mata sun fito, maza kuma kunya ta kore su daga inuwa, su zo su karɓe aikin. Wadda ta fara fitowa, har a coci sai an ambaci sunanta. Felicitas ta yi shekaru a Kano, ta iya gaisuwa kala-kala, ta san ba a miƙa abu da hagu, ta san ta kai kazarta wurin Musulmi ya yanka in za ta aika wa maƙwabta. Ta ɗauka ta gama sanin mutanen nan. Ta ce a ranta, kunya ai ko'ina kunya ce, Bahaushe ma ya fi kowa ita.

Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan Nnaemeka ya tafi kasuwa, ta sa tsohon wandonsa da takalmin ruwa, ta ɗaure hannayenta da leda, ta ɗauki shebur da baro. Ta zaɓi lokacin da majalisa ta cika, da gangan. Ta sauka cikin kwatar a kan idon kowa, dagwalon ya kai mata gwiwa, ya zuba cikin takalmin, ɗumi-ɗumi.

 Felicitas tana kwasa tana jira ta ji an ce a'a Madam, fito, kawo shebur ɗin.

"Sannu Madam," in ji Malam Ƙasimu daga kan tabarma. "Allah ya ba da lada."

"Ibo akwai zuciyar aiki," wani ya ce. "Matanmu ina za su iya wannan?"

Da ta motsa na ƙasa, warin ya taso da ƙarfinsa, sai suka tashi gaba ɗaya. Ta yi murna, ta ɗauka wurinta za su zo. Ashe tabarmar suka ja zuwa gindin darbejiya ta gaba, aka ɗauko butar shayi aka bi su da ita.

Mata kuwa sun fito, amma iyakarsu bakin zaure. Kai bisa kai suke leƙe, masu goyo da masu muciya a hannu. A ƙofar gidan farko ta hango mayafin Hajiya Husaina. Wannan ya ƙara mata ƙarfi, ta ce bari Hajiya ta ga abin da ake yi saboda 'yarta.

Shebur bai isa cikin kwalbatin ba. Ta durƙusa, ta kawar da fuska gefe, ta zura hannu har kafaɗa. Ledar ta yage tun a karon farko. Ta jawo guntun katifa, ta jawo tsohon kwando, sannan yatsunta suka kama bakin wani buhu mai nauyi. Da ta jawo shi waje ya fashe. Mushen ɗan akuya ne, wani a layin ya ƙi kai shi bola ya tura shi kwata da dare. Felicitas ta juya ta yi amai har sai da cikinta ya ƙulle, ta share baki da kafaɗa, ta koma. Can sai kwalbatin ya yi wani gurnani, ruwan wata da watanni ya ja da baya kaɗan, sannan ya kwarara lambatu. Ta yi ta safa da baro zuwa bola har azahar. Babu wanda ya kama mata ko hannun baron. Da ladan ya kira salla, majalisa ta miƙe, suka bi ta ɗaya gefen hanya suna ɗage riguna.

Ta yi wanka da ruwan zafi da detol har fatarta ta yi ja. Ta yanke farce, ta ƙona wandon. Duk da haushin mazan, ranta fari ne, domin a karon farko tun shigowar damina ta buɗe taga ta shaƙi iska.

Nnaemeka ya dawo da yamma, kuma tun a bakin titi mai shago ya ba shi labari. Bai ko ajiye jakarsa ba.

"Mama Nkem, me kika yi?"

"Abin da ku maza kuka kasa."

"A gaban mutane? Da rana tsaka?" Ya zauna a hannun kujera ya dafe kai. "Shekara nawa nake kasuwa da mutanen nan. A nan abin da aka ga mutum yana yi, shi ne shi. Mai yankan farce mai yankan farce ne, ko ya gina bene. Ke abinci kike sayarwa."

"Na wanke hannuna."

"Ba hannunki suka gani ba yanzu. Wancan da ya shiga kwata suka gani."

Ta ce masa tsoronsa ya yi yawa, shi ya sa har yau yake kiran kansa baƙo a garin da ya yi furfura. 

Sati ya zagayo. Matar malamin makarantar da take aikowa kullum a ƙulla wa yaranta na tafiya makaranta ba ta aiko ba. Aka yi suna a gida na uku, Felicitas ta je barka kamar yadda ta saba, aka karɓe ta da fara'a, aka ba ta cincin a leda, mai tauri kamar tsakuwa, daga wani wuri aka sayo shi. Gaisuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. Kowa ya gan ta sai ya ce sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Rariyoyin kuwa suka ci gaba da aikinsu, har sun fi da sakin jiki, tunda yanzu an san akwai mai kwashewa.

Ta ce duk su tafi, in dai garar Firdausi tana nan.

Firdausi ta shigo wata yamma daga asibiti, da farar rigarta a ƙarƙashin hijabi. Ta buɗe robar cincin da kanta kamar yadda ta saba, ta cika hannu, ta zauna tana ci.

"Momi, ni abin da nake taɓawa a asibiti kullum ya fi wannan kwatar. In na dawo kuma da hannun nake cin tuwo, ba wanda ya ce komai."

"Wani ya ce wani abu ne?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana juya cincin a tafin hannu.

"Na yi magana, aka ce amarya ba ta da baki a maganar gara. Umma za ta zo gobe."

Hajiya Husaina ta zo da hantsi. Babu katako yanzu, babu abin toshe hanci, ƙofar gidan fes. Felicitas ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa mai sanyi a kofi. Hajiya ta zauna a gefen tabarmar, ta dubi kofin.

"Bar shi, Maman Inkem, azumi nake."

Kuncinta na dama a kumbure yake da goro, leɓenta ja.

Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ina maigida, ina yara, ya damina, ya ƙoƙari. Sannan Hajiya ta gyara zama.

"Dama cewa na yi bari in zo da kaina. Kin san biki ba na mutum ɗaya ba ne. Gwaggonnin yarinyar nan sun ce akwai wata 'yar uwarsu a Hotoro da take yi, sun nace sai ita. Na ga ke ma kin sha wahala kwanan nan, gara ki huta. Aikin wuta ba daɗi."

"Hajiya, na sayi fulawa."

"Ai ba ta lalacewa." Hajiya ta kawar da ido. "Kuma kin san mutane. Dangin ango za su tambayi wa ya yi, labari kuma ya riga ya zaga. Ni na san tsaftarki, wallahi na sani. Amma ba zan bi kowa in yi masa bayani ba."

 Abin da ya taso wa Felicitas ba kuka ba ne, ƙyama ce, irin wadda ta ji lokacin da buhun nan ya fashe. Tana kallon matar da ta ci daga kaskonta shekara da shekaru, wadda ta ce a gyara ƙofa saboda baƙinta, wadda ta tsaya a zaure tana kallo ana gyarawa.

Hajiya ta ɗauka ta haƙura ne, sai ta saki fuska.

"Sai kuma wata 'yar alfarma. Kin ga ta ƙofar gidanmu ma ta fara taruwa, ga baƙi za su cika layin, a can za a kafa rumfa. Yaran nan masu yasa ba sa yi da kyau, ke kuwa kowa ya ga yadda kika yi taki. In kin samu sarari kafin Alhamis, ko da sassafe ne. Ba za a bar ki haka ba, Alhaji ya ce zai ba da na sabulu."

Felicitas ta miƙe tsaye, ta ɗauke kofin ruwan.

"Hajiya, ki tofar da goron nan kafin ki fita. Kada mutane su ce azuminki ya karye a gidana."

Hajiya ta kai hannu baki. Ta tashi ta gyara mayafi, ta nemi takalminta da ƙafa, ta fita ba sallama.

Felicitas ta daɗe a tsaye a tsakar gida. Daga baya ta shiga ɗaki ta yaye zanin da ke kan buhun fulawa. In layin ba zai ci ba, ai tana da 'ya'ya, kuma ba za ta zauna tana kallon kaya suna kallonta ba. Ta auno fulawa a daro, ta zuba sukari, ta yanka bota, ta fasa ƙwai. Ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauraye, ta goge da tsumma mai tsabta. Ta kai hannun bakin daron, sai ta tsaya. Ta ɗaga yatsunta zuwa hanci ta shinshina. Ƙamshin sabulu ne kawai. Ta sake wankewa, ta sake shinshinawa, ta tsaya tana kallon farin garin da ke cikin daron.

"Nkem," ta kira, a hankali. "Zo ki kwaɓa wannan."